Jikan Mai Haƙar Rijiya

Babana bai san sunan ubansa ba. Na san yadda maganar take a kunne, don haka bari in gyara tun kafin wani ya ɗauke ta ya kai inda ban aike shi ba. Ɗan halak ne. Uban ne ya mutu ya bar shi yana ƙarami, lokacin da duk abin da yaro ya sani game da ubansa shi ne ana ce masa Baba. Abin da ya riƙe kaɗan ne. Uban mai haƙar rijiya ne. Wata shekarar yunwa ya saɓo shi a kafaɗa suka baro garinsu, ya bar matarsa da jinjira mace, da niyyar in ya samu aiki ya koma musu da hatsi. Suka kai Rabah, ciwo ya kama shi, ya rasu can. Wani marini daga Wurno da ya je cin kasuwa ya ga yaro ba mai shi, ya ɗauko shi ya riƙe, ya koya masa rini. A hannun marinin nan babana ya girma, ya yi aure, ya haife ni. Iyakar asalinmu ke nan.

Shekara da shekaru bai taɓa tayar da zancen ba. Sai da tsufa ya kama shi, ƙafafu suka kumbura, ya daina fita karofi, sannan abin ya taso masa. Zamanin Nasara ne, shekarun da ake ɗibar samari ana kai su haƙar kuza. Ni Allah ya tsallakar da ni, amma aikin marina duk ya dawo kaina. Ana cikin bazara, zafi kamar a bakin murhu, ya kira ni ya ce in zauna.

"Ka tai ka nemo min ƙanwata. In ta rasu, ka gano inda anka aje ta. In tana da rai, ka hwaɗa mata ban mutu ba."

Na ce, "To Baba, mi as sunanta?"

"Jinjira ta munka baro ta. Ina ni ina riƙe suna?"

"Garin hwa?"

"Akwai gulbi kusa."

Na ce, "Baba, don Allah nuna min garin da babu gulbi kusa da shi a ƙasag ga."

Bai yi dariya ba. Ya dube ni kawai, ya ce shi dai ba ya so ya tafi yana zaton shi kaɗai Allah ya halitta a gidansu. Haushi na ji, ba zan ɓoye ba, don ga shuni na jiƙa, ga kayan mutane jibge, amma ba a musu da mutumin da ƙafarsa ɗaya ke cikin kabari. Ya kuma ƙara da wata: wai dole in sa rigarsa ta Salla, wadda ta sha bugu tana ƙyalli, da sabuwar hula, kada dangi su gan ni su ce mun lalace. Dangin da ba mu san ko akwai su ba, su ake yi wa ado! Na sa, na hau jakinmu, na nufi Rabah.

A Rabah duk tsohon da na tambaya labarin baƙo mai haƙar rijiya da ya rasu shekarar yunwa, sai ya ce, "Wace yunwa?" Ashe yunwar ma iri-iri ce, kowane tsoho da tasa, kuma sai ya gama ba ka labarinta kaf, har abin da suka ci da wanda ya fara kumbura, sannan ya ce bai san mutumin ba, amma je ka wurin wane, ya girme ni. Haka aka yi ta miƙa ni daga tsoho zuwa wanda ya fi shi tsufa, har aka kai ni gidan malamin da a zamanin nan shi ke wanke baƙi ya binne su. Malamin ya daɗe da rasuwa. Ɗansa na samu, dattijo mai sanyin magana, ya ce ƙwarai kuwa, mahaifinsa ba ya binne baƙo sai ya rubuta sunansa da garinsa ya ajiye a gafaka, ko wata rana dangi su zo nema.

Murna ta kama ni. Na ce yau an gama, gobe ina karofina. Ya shiga gida ya fito da gafakar, ya buɗe, ya zaro takardu. Na karɓa na juya gaba, na juya baya. Fari fat, sai ɗan dishi-dishin tawada kamar sawun kaza bayan ruwa.

Na ce, "Malam, rubutun hwa?"

Ya ce ai shekarar da sanƙarau ya shigo gari, matan gida suka tattara duk abin da ke da rubutun hannun marigayi, suka wanke, suka ba yara suka sha don albarka.

Na ce, "Kun shanye kakana ke nan?"

Ya ce, "Yaran sun warke kau, da ikon Allah."

Mi za ka ce wa irin wannan mutum? Na zauna riƙe da farar takarda, ina jin kamar in kurma ihu. Ana haka uwarsa ta leƙo, tsohuwa tukuf, ba haƙori ko ɗaya, ta ce wane ne wannan angon da ya sha riga ya zo mata zance ba goro. Da aka gaya mata abin da ke tafe da ni, sai ta tafa hannu. Ta tuna shi sarai. Ba don kirkinsa ba, a'a, don ya fara musu rijiya a bayan gida ya mutu bai gama ba, ya bar su da rami har akuyarta ta taɓa faɗawa. Ta ja ni ta nuna mini gurbin, ta tsaya tana kallona, wai ko zan ƙarasa tunda ni ne jikan. Na tambaye ta sunansa. Ta ce ita macen aure ce a lokacin, mi ya haɗa ta da sunan baƙo namiji? Abu ɗaya dai ta riƙe: kullum yana mitar ƙasar Rabah tauri gare ta, wai a wajensu, can yankin Goronyo, kafin ka yi gumi ka tarar da ruwa.

Da wannan mitar ta mamaci na juya jaki na yi arewa. Hanya ta bi da ni kusa da Wurno, har ina hango bishiyoyin garinmu, amma ban shiga ba. Ban iya zuwa in ce masa abin da na samo ke nan, rami da farar takarda.

A Goronyo rigar nan ta fara cutata. Ka tuna zamanin: baƙo ya shigo gari da riga mai ƙyalli da sabuwar hula, yana tambayar wa ya haifi wa, gidan wane mutum nawa ne, ina 'ya'yan wance. Wa zai yi wannan in ba mai ƙidayar haraji ba, ko wanda aka aiko ya leƙo samarin da za a ɗiba? Ina yin sallama sai fuskoki su rufe. In buɗe hannuwana in ce, "Jama'a, ku dubi hannuna, marini nike, shuni har cikin farce!" Wani ya ce da na kusa da shi, ba ma a ɓoye ba, "Ka ga wayon Nasara, har hannu suka rina masu yanzu."

Wani mai sayar da albasa ya ji tausayina, ya ce in je rumfar wanzamai, su ne ke karanta fuska, tunda kowane gida da tsagarsa. Na ce madalla, ga shawara. Ai tsagar babana tun daga garinsu aka yi masa ita, kuma ita aka kwafa aka yi mini. Na je na zauna, wanzamai suka kewaye ni, wannan ya kama haɓata ya juya dama, wancan ya juya hagu, kamar masu tayin rago. Ɗaya ya ce Bagobiri ne. Ɗaya ya ce ina, dubi ta gefen baki, babu Bagobirin da ke da wannan. Suka kaure da gardama a kan fuskata, ni da fuskar ba mai tambayata. Daga ƙarshe babbansu ya ce, "Yaro, wa yay yi maka wagga aska?" Na ce wanzamin Wurno, ta babana ya duba ya yi. Ya ce, "To ko shina jin barci, ko shina sauri. Wagga tsaga ba ta kowa ba ta." Ashe shekarun nan duka da rubutun da aka kwafa ba daidai ba nake yawo a fuska, ina tinƙaho. Wallahi da wanzamin nan na Wurno yana da rai, da shi zan fara in na koma. Na tsuguna na zana musu ta babana a ƙasa da tsinke, yadda na san ta. Suka duba, suka sake gardama, sannan suka ce in gwada Rimawa ko Taloka.

Rimawa kam ban ma so in tuna. Labarina ya riga ni isa. Ina shiga na ji wata mata tana ce wa ɗanta ya faɗa rumbu. Gari guda ba saurayi ko ɗaya, sai tsofaffi da kaji. Dattijon da na samu ya rantse mini ba a taɓa yin mai haƙar rijiya a garin ba tun da aka kafa shi, kuma a bakin rijiya yake zaune yana rantsuwar. Na ce to wannan wa ya haƙa ta? Ya ce haka suka tashi suka gan ta. Na tambayi ko akwai tsohuwar da ubanta ya tafi neman abinci bai dawo ba. Ya ce su nan ba mai tafiya, ba mai dawowa, kuma ba su da yawa, a gaya wa wanda ya aiko ni. Ruwa kawai suka ba ni, shi ma ina sha suna nuna mini hanyar Taloka.

Kafin in kai Taloka hadari ya fara haɗuwa, ruwan farko ya sauka, rigar Salla ta jiƙe ta zuba mini shuni a wuya. Na riga na yanke a raina daga nan gida zan yi, ko da mi. Aka nuna mini wani gida aka ce akwai tsohuwa a ciki da ta tashi marainiya. Na yi sallama. Maza biyu suka fito, manya, ƙosassu, duk sun girme ni, da gani wa da ƙane ne. Suka shimfiɗa mini tabarma a zaure, suka kawo fura, suka gaishe ni da ladabin da ya wuce kima. "Ranka shi daɗe" a gaba, "ranka shi daɗe" a baya. Na san irin wannan ladabin, na wanda ke so ka sha furarka ka tashi ne. Duk abin da na tambaya, sai su ce Allah shi ne masani.

Nan haƙurina ya ƙare. Na ajiye ludayi na ɗaga murya, ban damu da wa ke ji ba. Na ce ni ba ɗan aiken hakimi ba ne, ban san Nasara ba, bai san ni ba. Ubana na kwance a Wurno yana jiran mutuwa, an fito da shi daga wani gari a kafaɗa shekarar yunwa, ubansa mai haƙar rijiya ya mutu a Rabah, an shanye sunansa, an ɓata mini fuska, an ɓoye mini samari a rumbu, kuma duk abin da tsohon nan ke so shi ne ya san ko ƙanwarsa ta rayu. In ba ku sani ba ku ce ba ku sani ba, ku bar ni da "ranka shi daɗe" ɗin nan!

Sai na ji motsi a bayan zana, muryar tsohuwa ta ce, ba da ni take ba, da babban ɗanta:

"Tambaye shi, kunnen uban nai lahiya lau yake?"

Kunnen babana na dama yagagge ne daga sama. Tun ina yaro nake ganinsa, na taɓa tambaya ya ce shi ma haka ya tashi ya gan shi. Na faɗi haka.

Ta ce, "Jaki yac cije shi. Inna ta sha hwaɗi."

Mazan nan biyu suka dubi juna. Ni kaina ban gama fahimtar abin da na ji ba, sai babban ya miƙe a hankali, ya zo gabana, ya sa hannu ya fizge hular kaina ya ɗora a nasa.

"Kai, ashe kai na! Munka ɓata hura ga banza. Dubi wuya nai, awa wanda anka tsamo cikin karohi!"

Ƙanen ya janye ƙwaryar furar daga gabana, ya ce mutanen Wurno ba su saba da nono ba, kada ta ɓata mini ciki. Ya leƙa waje ya dubi jakina, ya tambaya wanne ne ya hau wani a cikinmu. Babban ya kama haɓata ya ce wannan tsaga kaza ce ta yi mini ita ko faɗuwa na yi a kan ƙaya. Mutanen da yanzu-yanzu suke durƙusa mini! Jinina ya hau. Na sha rana, na sha ruwa, na sha raini gari uku, ga wasu ƙarti sun tuɓe mini hula a gaban maƙwabta da suka fara taruwa suna dariya. Na miƙe na ɗauki sandata, kuma Allah ya sani da niyya na ɗauke ta.

Sai tsohuwar ta ɗaga zana ta fito, 'yar ƙarama, tana dogara bango. Ta ce, "Ku ƙyale min ɗan wana shi sha hura tai."

Sandar ta yi mini nauyi a hannu. Ɗan wanta. Wato ita gwaggona ce, waɗannan kuma taubasaina, 'ya'yan mace da ɗan namiji, waɗanda al'ada ta ba su izinin su zage ni, su ƙwace mini kaya, in rama, ba mai fushi. Na san wasan, wa bai san shi ba? Na sha ganinsa a gidajen mutane. Amma ni ba a taɓa yi mini ba, don haka da ya zo kaina ban gane shi ba. Na koma na zauna. Kunya da haushi da murna suka haɗu, na rasa wanda zan fara da shi.

Gwaggo ta zauna nesa kaɗan, ba ta dube ni sosai ba. Ta tambaya ko yana cin abinci, ko ya yi tsawo, 'ya'yansa nawa. Ta ce uwarsu har ta rasu ba ta yarda a yi musu sadaka ba, shi da uban, wai ba ta ga gawa ba. Ta gaya mini sunan kakana, suna ne irin na kowa, a unguwarmu kaɗai akwai masu shi da yawa. Sannan ta ce, "Ya rayu ke nan," ta yi ta maimaitawa tana gyara bakin zanenta. Na roƙe ta ta biyo ni. 'Ya'yan suka ce ba ta iya zaman jaki, ga fadama ta fara cika, a bari sai kaka su kawo ta da kansu. Na ce mutumin nan ba lalle ya kai kaka ba. Suka ce Allah na nan. Hular kuwa ba su mayar ba, da kai tsirara na koma Wurno, rana na dukan ƙeyata.

Na same shi da rai, ya ƙara ramewa. Na durƙusa na ce, "Baba, na same ta. Tana da rai, tana Taloka, da ɗiya maza biyu da jikoki." Na gaya masa sunan ubansa, na gaya masa labarin jaki da kunne. Ya shafa kunnen. Na zaci kuka zai yi. Sai ya ce, "Ɗiyan nata, yaya sunka karɓe ka?"

Nan haushina ya dawo sabo. Na ce ai Baba ba su da mutunci ko kaɗan, na zayyana masa duk abin da suka yi mini, da furar da suka janye, da zancen jaki, da zancen kaza.

Ya yunƙura ya tashi zaune, abin da ya daɗe bai yi da kansa ba. "Sun zage ka?"

"Ƙwarai kuwa."

"Gaban mutane?"

"Gaban unguwa guda."

"Kai ba ka rama ba? Ai ɗiyan mace na, bayinka na! Wane irin sakarai ni haihwa?" Yana faɗa yana dariya, hawaye na bin tsagar fuskarsa. Ya ce duk shekara in watan cika-ciki ya zo, yana zaune a ƙofar gida yana kallon taubasai na bin juna da gudu a unguwa, ana kokawa, ana zage-zage, shi nasa ɗan na tsaye gefe ba mai ko jan rigarsa. Ya ce ba abin da ya fi wannan ci masa rai, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba. Ya sa aka kira masa maƙwabcinmu, abokin zamansa, tun mutumin bai gama sallama ba ya ce, "Zo ka ji, an zagi ɗana a Taloka!"

Bai kai kaka ba, kuma ba su ga juna ba. A kwanakin da suka rage masa bai cika tambayar sunan ubansa ba, ko yadda garin yake. In na kawo masa kunu sai ya riƙe hannuna ya ce in sake faɗa masa abin da babban ya ce, da abin da ƙanen ya ce. In na tsallake ɗaya don na gaji, sai ya ce ban faɗi ta jakin ba, in koma daga farko.